Ranar da Herminia Ta Sa Alƙali Shinshinar Kofi

Matar yayana, Herminia Talquenca, ba ta yarda a zuba mata komai a kofi sai ta fara kai shi hanci. Babu ruwanta da gidan wa take, ko da gidan limamin coci ne. Za ta ɗauki kofin wayam, ta tura hanci ciki, ta lumshe ido, sannan ko dai ta miƙa a zuba mata, ko ta miƙe tsam ta nufi wurin wanke-wanke kamar gidan ubanta. Shekara arba'in ina jin kunyar wannan hali nata a gidajen biki da na makoki, shekara arba'in ina yi mata magana, amsarta kuwa ba ta taɓa canzawa ba.

"Pocho, kai da kake shan giya a gwangwanin tumatir, wa ya sa da kai?"

Ba ƙarya ta yi mini ba. Ni direban babbar mota ne har na ajiye aiki, kuma duk abin da zai riƙe ruwa kofi ne a wurina. Haka ma yayana Rufino yake, Allah ya ji ƙansa. Yadda aka yi irin wannan mace ta shigo gidanmu har yau abin yana ba ni dariya.

A nan Pozo del Tordo aka haife ta, cikin yashin da ke arewa da Mendoza. Ubanta makiyayin awaki ne. Tana da shekara sha bakwai ta sami aiki a wani babban gidan giya can Luján, mota biyu take hawa kafin ta isa. Da shara ta fara. Daga baya aka mai da ita ɗakin da baƙi ke ɗanɗana ruwan inabi, ba don ta zuba wa kowa ba, don ta wanke kofuna a bayan labule. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan aiki. Kofunan wurin daga ƙasar waje ake kawo su, masu doguwar ƙafa, sirara kamar ɓawon ƙwai, guda ɗaya ya fi takalmin ƙafarta tsada. A tsawon shekarun nan guda huɗu ta fasa, kuma tana iya gaya maka ranar da kowanne ya fashe. Ɗaya ma ta ce ba nata ba ne, girgizar ƙasa ce ta kayar da shi, a je a tambayi Allah.

Rufino kuwa yana da layi sha huɗu na kurangar inabi a bayan gida, irin namu na gargajiya mai haske, wanda manyan gidajen giya ba sa ko kallo. Duk watan Maris mu tsinke, mu tattake da ƙafa, a zuba a ganga, mu sha har shekara ta zagayo. Yana shan tasa a tsohon kofin silba mai lanƙwasasshen baki. Herminia ta yi faɗa har ta gaji, ta ƙyale shi.

Makon da ta bar aiki ta kira ni ta ce in kai ta birni. Na ɗauka asibiti za mu, ashe wani shagon kayan kicin ne kusa da tashar mota, irin wanda ake tara kaya har rufi. Ta wuce kofunan da ke cikin akwatin gilashi ko waiwaye ba ta yi ba, ta nufi can ƙarshen shago inda aka jibge mafi araha, ta ce wa mai shagon ya sauke mata kwali uku.

"Doña, duk iri ɗaya ne fa," in ji shi. "Inji ɗaya ya yi su."

"Kai da 'yan'uwanka ma uwa ɗaya ta haife ku," ta ce. "Duk iri ɗaya ne? Sauke."

Ya sauke. Ni kuwa na nemi buhu na zauna, don na san ba yanzu ba. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Ta fara bin bakin kofin da farcen babban yatsa. In ta ji kauri ya naɗe a baki kamar leɓen tulu, ta ture shi gefe, wai giya tuntuɓe take yi a kansa kafin ta kai harshe. Ta ɗaga shi saitin ƙofa ta duba ko akwai ƙurji ko duhu a jikin gilashin. Ba ta son mai zane, ba ta son mai launi, tana so ta ga jan giyar yadda Allah ya yi shi. Cikin kofin ya zama mai faɗi, ya ɗauki dunƙulen hannunta, bakin kuma ya ɗan tsuke don kada ƙamshi ya gudu. Sai ta ajiye shi a kan kanta ta ɗan taɓa shi da yatsa, in ya yi rawa ya faɗi jarrabawa. Ƙafar gajera take so, gindin kuma ya kai faɗin cikin, saboda mu nan ƙasa ba ta sallama kafin ta motsa.

Mai shagon ya so ya burge ta. Ya ɗauko guda daga cikin masu tsadar, ya ƙyasta shi da yatsa, ya yi wata ƙara mai tsawo.

"Ji wannan, Doña. Waɗancan ba sa yin haka."

"Ba mawaƙi na zo saya ba," ta ce.

Cikin talatin da shida ta zaɓi shida. Ta ƙi karɓar kwali, ta naɗe su da tawul ɗin da ta zo da shi, ta rungume su har gida tana yi mini faɗa a kan kowane rami.

Yadda take kula da su kuwa, jariri ma albarka. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana barin farin tabo, don haka tana da tulu guda na ruwan sama da take tarawa a 'yan kwanakin da sama ta tuna da mu, da shi take ɗaurayar ƙarshe. Sabulu mai ƙamshi bai taɓa kusantarsu ba. Ta wanke da ruwan ɗumi, ta kifa kowanne a kan tururin butar da take dafa ruwan mate, shayinmu na ganye, sannan ta goge da tsumman buhun fulawa da take dafawa a tukunya. Tafin hannu take sa wa cikin kofin in tana gogewa, ba ta murɗa gindi, wai nan ne wawaye ke karya ƙafa. A tsaye take jera su, ba a kife ba, don kada su sha warin katako, ta kuma ɗaura wayar ƙarfe a gaban kantar saboda girgizar ƙasa. In za a sha, sai ta ɗiga giya kaɗan ta juya ta a ciki ta zubar, sannan ta zuba ta gaske. Rufino yakan ce wannan ɗigon da take zubarwa ya isa ya raya talaka.

Rufino ya rasu cikin hunturu, shekara uku da barinta aiki. Kowa ya ɗauka za ta sayar da gonar ta koma wurin 'yarta a Neuquén. Watan Maris na zuwa ta aiko a kira ni, ta ce in wanke ƙafafuna sau biyu in zo. Ta yi giyar yadda ta ga yana yi, sai dai gangarta har walƙiya take. Da bazara ta shigo ta ce za ta sa kwalba ɗaya a gasar masu giyar gida da ƙungiyar garinmu ke shiryawa duk shekara, abin da Rufino ya yi ta cewa zai yi bai yi ba.

Yadda gasar take, kowa ya kawo kwalbarsa zauren kulob ɗin gari, a naɗe ta da jarida, a manna mata lamba, don kada alƙalai su san ta wane ce. Alƙalai uku ne, babbansu wani tsohon malamin harkar giya daga birni, Don Aldo Furlani. Su ɗanɗana, su rubuta abin da suka ji. Washegari shugaban ƙungiya, Don Cipriano Morán, ya haɗa kowace takarda da sunan mai ita, ya manna su a allon ƙofar kulob, inda kowa ke wucewa in zai je sayen burodi.

Ni na riga ta ganin takardarta. Layi biyu ne kacal: "Tana warin danshi da tsohon tsumma. A kula da tsabta."

Na so in yage ta, amma mata uku na tsaye a bayana sun riga sun karanta. Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a gari mai titi biyu. Akwai wasu maza biyu da aka rubuta musu kusan haka, suka yi dariya suka ce dama su ba su taɓa wanke ganga ba. Namiji a ce masa ƙazami, ya yi dariya ya wuce. Ita kuwa macen da ta shekara talatin tana shinshinar kofunan mutane a gidajensu, ai an ba su abin da suka daɗe suna jira. Babu wanda ya faɗa mata a fuska. Amma bikin waliyyin gari ya zo, ita da ta saba yanka naman empanada, samosarmu ta nan, tun ina saurayi, ba wadda ta aiko kiranta. Ta aika wa maƙwabciya kwanon zaitun, aka dawo da shi ba a taɓa ba, wai maigidan likita ya hana shi gishiri.

Na tsani wannan lokaci, kuma na tsani garinmu a cikinsa. Na je na same ta ta fito da gangunan tsakar gida tana dirza da ruwan zafi har hannuwanta sun yi ja. Ta kwance tiyo ta shinshina, ta shinshina mazurari, ta shinshina bangon ɗakin. Ban taɓa ganin Herminia tana shakkar kanta ba sai ranar, kuma abin ya fi mutuwar yayana tayar mini da hankali, Allah ya yafe mini.

"Pocho," ta ce, ba ta ɗago ba, "gaya mini gaskiya. Hancina ne ya mutu?"

"Hancinki? Wanda ke jin na ci albasa tun ina kwanar tasha?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta zubo giyar a kofinta ta miƙo mini. Na sha. Giyar Rufino ce sak, mai kama harshe, ba warin komai sai na inabi. Na faɗa mata, ta ce shaidar mai gwangwani ba ta karɓuwa ko a kotun awaki.

Wata biyu bayan haka aka yi liyafar baftismar wani jariri a kulob. Da ƙyar na ja ta ta je. Aka ajiye mana kofunan ƙungiya, waɗanda ake gasar da su. Ta ɗauka, ta kai hanci kamar kullum, sai na ga ta daskare. Ta sake shinshinawa. Ta miƙe ta nufi kicin, na bi ta don kada a yi abin kunya ba shaida.

A can muka ga abin. Kofunan a cikin kwalayensu suke kwana shekara guda, a kife, jingine da bangon da bututun bayan gida ke tsatsa a cikinsa, kwalayen ƙasa har sun yi baƙi. Ranar gasa a fara da na sama. In aka kai rabi kofuna sun ƙare, sai a ɗauko na ƙasa, a tsoma a roba ɗaya, a goge da tsumman da ya wuni a kafaɗa. Herminia ita ce kusan ta ƙarshe da ta kai kwalba, don haka lambarta na can ƙarshe. Giya mai kauri da zaƙi tana danne wari. Tata mai haske ce, ba ta da inda za ta ɓoye shi.

Mai kula da kofunan nan kuwa Doña Clelia ce, matar shugaba. Herminia ba ta yi magana a wurin ba, na yaba mata da wannan. Ta bari sai washegari ta je gidan ta same ta ita kaɗai, ni ina jira a mota, amma taga a buɗe take.

"Clelia, ba faɗa na zo ba. Ki fitar da kofunan nan daga kwali, ki ba ni su kwana ɗaya kafin gasa in wanke muku, ba sai kowa ya sani ba."

"Ikon Allah!" in ji Clelia. "Yau kuma ke ce za ki koya wa mutane wanki? Doña Herminia, ai da kin fara da gangarki. Ba ni na rubuta ba, masana ne daga birni."

Ta je wurin Don Cipriano. Ya buɗe mata littafin dokoki, ya nuna mata da yatsa: mai gasa ba ya taɓa kofunan alƙalai, ba ya kawo nasa, kuma duk wanda ya nuna kwalbarsa kafin a gama, an cire shi, ba zai sake shiga ba. Ya ce mata a bar kaza cikin gashinta, bana ta yi ƙoƙari ta gyara, wataƙila Allah ya taimaka.

A hanyar dawowa na ce mata ta haƙura. Na ce mutane mantuwa gare su, in ba ta sa kwalba bana ba, shi ke nan, magana ta mutu.

"Ta mutu a bakinsu," ta ce. "Ni a kaina take zaune. In na mutu gobe, Pocho, me za a ce? A ce ga wadda aka manna wa takarda. Ba zan shiga ƙasa da ita ba."

Shekara ta zagayo. Ta yi giyarta, ta kai kwalba, da gangan ta bari sai da aka kusa rufe karɓa. Ranar gasa ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗauko kwando a rufe da tawul. Na tambaye ta me ke ciki, ta ce ƙwai ne. Na ce tun yaushe ake zuwa gasa da ƙwai, ta ce tun ranar da aka fara ba jakai lasisin tuƙi.

Zauren ya cika da la'asar, ana ta cin empanada, yara na guje-guje tsakanin kujeru. Alƙalan uku suna kan tebur a gaba, Clelia na kai da kawowa da tire, tsummanta a kafaɗa. Herminia ta zauna a layin farko, kwando a cinya, ba ta ci komai ba. Aka yi ta kiran lambobi. Wajen ta ashirin na ga Clelia ta sunkuya ta jawo kwalin ƙasa. Da aka zo ta ashirin da bakwai, aka cire toshiya, aka ɗaga kwalbar, haske ya ratsa wuyanta inda jarida ba ta rufe ba. Ba wanda ke da giya mai hasken nan a garinmu sai gidan Rufino.

Ta miƙe.

"Kada a zuba. Wannan tawa ce."

Zauren ya yi tsit, har na ji wani yaro na tsotsar lemo. Don Cipriano ya taso yana ɗaga hannu.

"Doña Herminia! Kin san doka! Kin fita daga gasa, kin fita har abada!"

"Na ji, Don Cipriano, kai ka karanta mini ita. Na fita. Yanzu tunda ni ba 'yar gasa ba ce, ina iya taɓa kofi ko?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta taka har gaban tebur, ta ɗauki kofin da Clelia ta ajiye wa babban alƙali, ta miƙa masa wayam.

"Don Aldo, shinshina."

"Doña, ai babu komai a ciki."

"Shi ya sa."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. Wannan mutum ya sha zuwa gidan giyar da ta yi aiki, ya sha a kofunan da ta goge ba adadi, amma bai san fuskarta ba, don wanda ke bayan labule ba a ganinsa. Ba ta tuna masa ba. Ya kai kofin hanci don kawai ya rabu da ita. Sai na ga ya janye kai, ya sake komawa a hankali, ya daɗe. Ya miƙa wa alƙaliyar da ke kusa da shi, ita ma ta shinshina ta yamutsa fuska.

Herminia ta yaye tawul, ta fito da kofi guda daga cikin nata, ta riƙe shi ta ƙafa ta ba shi. Ya shinshina.

"Ba na jin komai," ya ce.

"Haka kofi yake," ta ce. "Yanzu a zuba, a duka biyun, daga kwalba ɗaya, kowa yana gani."

Don Cipriano ya fara cewa wannan ba ya cikin tsari, amma Don Aldo da kansa ya ɗauki kwalbar ya zuba. Ya juya na ƙungiya, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a bokiti. Ya kurkure baki da ruwa. Ya ɗauki nata, ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ta fito da sauran kofunan ta ba wa alƙalan biyu, su ma suka yi haka. Tsohon ya ajiye kofin, ya cire tabarau, kunnuwansa sun yi ja.

"Wa ya wanke kofunan nan?" ya tambaya.

Duk zauren ya juya wurin Clelia. Tana tsaye da tire a hannu, fuskarta ta yi fari. Ni dai a raina cewa nake, yauwa, faɗi sunanta, ta ɗanɗana abin da ta shayar da ke. Na san Herminia ta yi shekara guda tana dafa wannan magana. Ta dubi Clelia, ta dubi tsumman kafaɗarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ga alƙali.

"Kwali ne da bango mai tsatsa, ku je kicin ku gani. Ban zo neman sunan kowa ba, Don Aldo, nawa na zo karɓa. Bara ka rubuta cewa in kula da tsabta, aka manna a ƙofa, gari ya karanta. Yanzu ka sha a kofi mai tsabta. Faɗi abin da ka ji, da ƙarfi, na baya ba sa ji sosai."

Ya miƙe tsaye, abin da ban zata ba.

"Giyar nan tsaf take," ya ce. "Babu danshi, babu tsumma, babu aibin ganga ko na hannu. Abin da na rubuta bara kuskure ne, kuma nawa ne, don ni ya kamata in shinshina kofi kafin in yanke wa mutum hukunci." Ya ɗan tsaya, ya shafa haɓa. "Amma tunda gaskiya kika nema, Doña, zan cika miki ita. Giyar tana da kaifi, tana kama harshe, ba ta da jiki. Ko da ba a cire ki ba, ba za ta shiga goman farko ba."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, wasu suka biye masa. Na ji kamar in nutse. Ita ko gezau.

"Kaifi na ƙasa ne da rana, ba ni na yi su ba," ta ce. "Rubuta duka, da tsabtar da kaifin. Ka sa hannu."

Ya rubuta, sauran biyun ma suka sa hannu. Don Cipriano ya miƙo hannu zai karɓa, wai sai gobe ake mannawa, kuma na 'yan gasa ne kawai. Ta zare takardar ta wuce shi, ta fita ƙofa, ta ciro ƙusa daga wata tsohuwar sanarwa, ta tuɓe takalminta ta buga ta da dunduniyarsa a tsakiyar allo. Ta dawo da takalmi ɗaya a hannu ta tattara kofunanta. Don Aldo ya roƙe ta ta bar musu su su ƙarasa sauran kwalabe uku. Ta ce ruwa na kicin, buta na kicin, hannu kuma kowa da nasa. Muna fita na ji mazan da aka yi wa lambobin ƙarshe sun taso wa Don Cipriano, kowa na cewa a sake ɗanɗana tasa.

Muka shiga mota. Ta ɗora kwandon a cinya ta rungume, ta juya fuska wajen taga. Mun wuce coci, mun wuce gadar lambatu. Sai na ji numfashinta ya canza, na saci kallo, hawaye ne ke bin kumatunta har suna ɗiga a kan tawul. Ban san abin da ake ce wa Herminia in tana kuka ba, don ban taɓa gani ba. Na rage gudu, na yi kamar titin ne ya dame ni.

Sai da muka hango kurangar Rufino ta share fuska da bayan hannu, ta ja hanci.

"Wai ba za ta shiga goma ba," ta ce.

"Haka ya ce."

"Tsohon nan kofi kawai na koya masa yau, Pocho. Giya kam har yanzu bai san ta ba."